Yadda Ake Kafa Kwamitin Zaman Lafiya na Musulmi da Kirista a Unguwannin Legas

Duk wanda ya daɗe a Legas ya san cewa rikicin da ke cin rayuka a nan da wuya ya fara da gardamar aƙida. Faɗan kasuwar Mile 12 na watan Maris 2016 ya taso ne daga saɓanin da ya shafi ɗan acaba a kan hanya, amma kafin ƙura ta lafa an rasa rayuka, an ƙone gidaje, gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar ta kuma sa dokar hana fita a titunan da ke kewaye. Kafin nan an ga na Ketu a Nuwamban 1999, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, kwanaki kaɗan bayan fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja, lokacin da jama'a ba su gama makokin mamatansu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda faɗan da ya fara tsakanin Bahaushe da Bayarabe yake sanya rigar addini da zarar labarinsa ya isa gida. Haka ta faru a Yulin 1999, inda rikicin Shagamu a jihar Ogun ya haifar da ramuwar gayya a Kano a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Saboda haka kwamitin da zan bayyana yadda ake kafa shi ƙarami ne, na unguwa ɗaya ko kasuwa ɗaya, kuma a lokacin da ake zaune ƙalau ake gina shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko shi ne a zauna a rubuta su wane ne mazauna wurin. Mutum biyu ko uku sun isa wannan aikin: su zaga da ƙafa, su lissafa masallatai da coci-coci, da tashoshin acaba da na Keke, da wuraren kwanan 'yan dako, da shugabannin kowane rukuni. A nan ne za a gano wata ni'ima da Legas take da ita wadda mukan manta. Layin ƙabila da layin addini ba su tafi tare ba a wannan gari. Bayaraben da kuke gardamar kuɗin rumfa da shi, mai yiwuwa sahu ɗaya kuke tsayawa ranar Juma'a. Musuluncin Yarabawan Legas tsoho ne, masallacin Shitta-Bey tun 1894 aka buɗe shi, ƙungiyar Ansar-ud-Deen kuma a nan aka kafa ta a 1923. A gidan Bayarabe ɗaya za ka tarar da Alhaji da fasto uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai Kiristocin Arewa daga Kudancin Kaduna, Filato, Adamawa da Kudancin Borno, waɗanda da Hausa suke magana, da Hausa wasunsu suke sujada a majami'u irin su ECWA, kuma ranar da tarzoma ta ɓarke mai neman ɗan Arewa ba ya tambayarsu addini kafin ya kai musu sara. Waɗannan rukuni biyu, Musulmin Yarabawa da Kiristocin Arewa, su ne gadar kwamitin, domin kowannensu yana da ƙafa ɗaya a kowane gefe. Kwamitin da aka haɗa da limamin Hausawa da faston Kudu kaɗai, aka bar waɗannan biyun a waje, ya sake zana layin da ake son gogewa ne.

Bayan an san mutanen, sai a kai gaisuwa ga manya kafin a kira kowane taro. A fara da Sarkin Hausawan yankin, kamar yadda ake da su a Agege da Idi-Araba da sauran zango-zango, sannan Baale ko Oba na wurin, wato mai unguwa ko sarkin Yarabawa, sannan Iyaloja da Babaloja, wato shugabannin kasuwa mace da namiji, idan kasuwa ce, sannan shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA. Da ƙafa ake zuwa, Musulmi da Kirista tare, da ɗan goro a hannu; takarda tana iya biyo baya. A gaishe da kowa irin gaisuwar mutanensa, a cire takalmi inda ake cirewa, a rusuna wa dattijon Bayarabe, a kira shi Baba. A bayyana musu a fili cewa ba sarautarsu aka zo raba musu ba, hannu ne ake son ƙara musu. Wannan zagaye yana iya cin wata guda, kuma kada a yi gaggawarsa, domin babban da ya ji labarin kwamitin a bakin wani zai iya rusa shi da kalma ɗaya.

Zaɓen 'yan kwamiti ne mataki na uku, kuma yawancin kuskure a nan ake yin sa. A ganina mutum 10 zuwa 14 sun wadatar. Idan suka wuce haka taro ya zama na jawabai. Tambayar da za a yi a kan kowane suna guda ce: idan matasa suka fito da sanduna da ƙarfe biyun dare, wannan mutumin ya ce su koma, za su koma? Sau da yawa amsar ba ta faɗawa kan mai babbar riga. Tana faɗawa kan shugaban 'yan acaba na tasha, ko sarkin fawa a wuri irin mayankar Oko-Oba, ko shugaban 'yan dako, ko malamin da ke karantar da samari bayan Isha'i, ko jagoran matasan coci, ko wani a cikin 'yan tashar mota da ake jin maganarsa. Dole a sa mata, aƙalla uku ko huɗu, daga kasuwa da makarantar Islamiyya da zumuntar mata, saboda su ne sukan fara jin ƙishin-ƙishin, kuma akwai koke-koken da mace ba za ta taɓa kai wa liman ko fasto ba. A yi shugabanni biyu masu daidai matsayi, Musulmi da Kirista, kamar yadda majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, take tafiya tun kafa ta a 1999, inda Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa, CAN, ke jagoranci tare. A naɗa magatakarda, da ma'aji daga ɗaya addinin, da tafinta mai jin Hausa da Yarabanci da Turancin buroka. Mai riƙe da muƙamin jam'iyya ko mai neman takara a girmama shi a matsayin baƙo, amma kada a ba shi kujera.

Taron farko a yi shi a wurin da ba na kowa ba, kamar ɗakin taron CDA ko ajin makarantar gwamnati, a kauce wa tsakar ranar Juma'a da safiyar Lahadi. Ga 'yan kasuwa, safiyar Alhamis tana da sauƙi, tunda ana rufe kasuwanni domin shara har zuwa ƙarfe 10. Liman ya buɗe da addu'a irin tasa, fasto ya rufe da irin tasa, a taro na gaba a juya. Babu wanda za a tilasta wa ya ce amin ga abin da bai yi imani da shi ba. A wannan zama ne za a rubuta yarjejeniya ta shafi guda, a fassara ta zuwa harsuna ukun, kowa ya sa hannu: ba a wa'azin jawo wani zuwa addini a zaman kwamiti, ba a muhawarar aƙida, ba a fitar da sirrin wanda ya kawo ƙorafi, kuma ba wanda zai ɓoye mai laifi don nasa ne.

Ya kamata a tsaya a amsa wata damuwa da za ta taso, domin masu ita mutanen kirki ne. Wasu Musulmi za su ji tsoron kada wannan ya zama cakuɗa addinai, wasu Kiristoci ma haka. A bari malaman kowane ɓangare su amsa wa mutanensu daga littafinsu. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma haƙƙin maƙwabci da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da shi bai keɓance Musulmi ba. Kirista kuma yana da umarnin Romawa 12:18 na zaman lafiya da kowa gwargwadon iko. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna misali ne da ya isa: a rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, daga 1995 suka fara aiki tare, kuma babu wanda ya bar addininsa a cikinsu.

Mataki na biyar shi ne zuciyar aikin, wato shirin sa'a guda ta farko bayan abu ya faru. A buga jerin lambobin wayar 'yan kwamiti a takarda, kowa ya riƙe, a liƙa a masallaci da coci da ofishin kasuwa, domin waya tana iya mutuwa ko ta ɓace. A ƙara da lambobin gaggawa na jihar, 112 da 767, da lambar DPO, da ta jami'in rundunar tsaron unguwanni ta LNSC, da ta asibiti mafi kusa. Shugabannin biyu su je caji ofis tun da wuri su gabatar da kansu, su nemi kujera a kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, don kada ranar tashin hankali ta zama ranar fara sanin juna.

Ga yadda aikin ke tafiya idan labari ya zo cewa an kashe wani ko an taɓa masallaci ko coci. Wanda ya fara ji ya kira shugabannin biyu kafin ya gaya wa kowa. Su kuma su tura mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su je su gani da idonsu. Shaidar mutum ɗaya, komai gaskiyarsa, ɗaya ɓangaren ba zai karɓa ba. Yayin da suke hanya, a kira 'yan sanda, shugabannin tasha kuma su tsare yaransu a inda suke. Da zarar an tabbatar, sai a naɗi gajeren saƙon murya da Hausa da Yarabanci da buroka, da muryar mutanen da aka sani, a faɗi abin da ya faru da abin da bai faru ba, a watsa a WhatsApp. Idan an yi rauni ko mutuwa, a faɗa. Ɓoyewa ce ke sa a daina yarda da kwamiti. Duk bidiyon da ya shigo a tambayi wane titi ne, wace rana, wa ya ɗauka, domin tsohon bidiyo na wata jiha ko wata ƙasa ya sha yawo da sunan Legas. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, kuma ya dace limamai su riƙa tuna wa jama'a wannan tun kafin ranar buƙata.

Akwai wani kira da mu 'yan Arewa kaɗai za mu iya yi, kuma wajibi ne a kanmu: kiran gida. Sarkin Hausawa ko wakilinsa ya sanar da shugabannin kasuwanni da direbobin manyan motoci a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato hakikanin abin da ake ciki, kafin jita-jita ta riga shi. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, a Fabrairun 2021, ya fara ne da cacar baki tsakanin ɗan dako da wata mata, ya ƙare da ƙone-ƙone da kuma dakatar da kawo kayan abinci Kudu na 'yan kwanaki, abin da kowane mai sayen tumatir da albasa a Legas ya ji a aljihunsa. Kalmar da mutum ya aika gida cikin fushi, a kan Bayarabe ko Ibo mai shago a Sabon Gari take sauka.

Idan an kama wanda ake zargi, dattawan ɓangarorin biyu su kewaye shi su miƙa shi ga hukuma, ko nasu ne ko ba nasu ba. Kuma tun a zaman lafiya a ware wuraren fakewa, masallaci ɗaya da coci ɗaya masu katanga da ƙofa, a amince cewa duk wanda ya shiga an ba shi amana. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi a jihar Filato, Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa ya kuma ƙi miƙa su ga maharan da suka biyo su. Shi ya yanke shawarar a tsaye cikin haɗari. Mu muna da damar yanke ta a zaune, mu sanar da mai riƙe da makulli.

Sai kuma ƙananan abubuwan da ke tara gaba a hankali, waɗanda su ne aikin kwamiti na kowane wata. Lasifika ce kan gaba, ta tafsirin azumi da ta addu'ar dare a coci. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, tana rufe wuraren ibada saboda ƙara, kuma a 2016 ta rufe coci 70 da masallatai 20 a zagaye ɗaya, don haka gara maƙwabta su daidaita lokaci da ƙarfin sauti da kansu, da ma'auni ɗaya ga kowa. Akwai tare hanya ranar Juma'a da ajiye motoci ranar Lahadi, da wurin ɗaure raguna kafin Babbar Sallah, da batun bayan gida da shara a inda 'yan ci-rani suke kwana da yawa. A haɗa kalandar shekara mai ɗauke da azumi, Sallah biyu, Mauludi, Ista, Kirsimeti, da ranakun bukukuwan gargajiya. Wannan na ƙarshen kada a raina shi: a lokacin Oro, wani bikin gargajiya na Yarabawa, kamar yadda ake yi a Ikorodu, ana hana mata da baƙi fita, kuma fitar wata mata a irin wannan dare ce ta kunna wutar Shagamu. Kwamiti ya nemi Baale ya riƙa sanarwa kwanaki kafin lokaci, ya kuma tattauna yadda abin ba zai hana masu sallar Asuba ko mai naƙuda fita ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini a sashe na 38 da 'yancin zama ko'ina a sashe na 41, amma a teburin sulhu an fi samun biyan buƙata da lallami fiye da karanta doka. Saɓanin haya ko bashi ko iyakar rumfa da ya gagari dattawa, a kai shi cibiyar sasanci ta Ma'aikatar Shari'a, Citizens' Mediation Centre, wadda ke aiki kyauta kuma tana da ofisoshi a sassan jihar.

Taro kaɗai ba ya sa mutane su saba. A nemi aikin da za a yi gumi tare: yashe magudanan ruwa kafin damina, ba da jini ta hannun hukumar jini ta jihar, samarin coci su kula da hanya ranar Idi, na masallaci su rama ranar Kirsimeti.

Abin da ya rage shi ne mafi nauyi, wato jinyar zukata bayan an yi ɓarna. A nan ina roƙon a yi haƙuri, domin na ga yadda ake tara mutane kwana uku da rasuwar ɗansu a ce su yafe a rungumi juna a ɗauki hoto. Wannan yana rufe gyambo ne da ruɓa a ciki. A fara da abin da ke hannu: a raka masu rauni asibiti, a taimaka a karɓo gawa a yi mata sutura bisa addininta, a je ta'aziyya gidan kowane mamaci da tawaga mai haɗe da addinan biyu, a zauna a yi shiru idan babu abin faɗa. A rubuta asarar kowa, rumfa da babur da kaya, a takarda ɗaya ba tare da ware ɓangare ba, a kai wa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jihar, LASEMA, da murya ɗaya. A bi sawun waɗanda aka kama a kame-kamen bayan rikici, domin akan haɗa da mai shayi da mai gyaran takalmi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa galihu, OPD, yana karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe kyauta.

Bayan makonni, sai a fara zaman saurare, kowane ɓangare shi kaɗai tukuna, maza daban mata daban, mutum ya faɗi abin da ya gani ba mai katse shi. Sai an ga zukata sun ɗan sauka sannan a haɗa su, kaɗan-kaɗan, da sharaɗin cewa kowane ɓangare zai fara da ambaton abin da nasa suka yi kafin ya ambaci abin da aka yi masa. Wanda ya ɗauki kayan wani a mayar ta hannun kwamiti. Yafiya ta wanda aka cuta ce, shi zai ba da ita ran da ya shirya, kuma ba ta hana shari'a tafiya a kan wanda ya zubar da jini. Fasto Wuye da kansa ya sha faɗa cewa ya ɗauki shekaru yana aiki da Imam Ashafa da ƙullin ramuwa a ransa kafin ya saki. A lura da wanda barci ya ƙaurace masa, ko yake firgita da ƙaramin motsi, ko yaron da ya daina magana, ko saurayin da ya faɗa shaye-shaye. Addu'a tana tafiya tare da magani, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da likitocin wannan fanni. Rakiyar liman ko fasto tana rage wa iyali jin kunyar zuwa.

Game da kuɗi, karo-karon 'yan kwamiti da ɗan tallafin masallatai da coci-coci ya isa sayen kati da kuɗin mota, a riƙa karanta lissafi a kowane zama. Kuɗin ɗan takara a mayar masa cikin ladabi. Idan zaɓe ya gabato a ƙara yawan zama, a roƙi masu huɗuba da masu wa'azi su guji ambaton ƙabila ko jam'iyya a kan mumbari. A sanar da ƙaramar hukuma da reshen NIREC na jiha wanzuwar kwamitin a rubuce.

A ƙarshe akwai aikin da ba ya ƙarewa saboda yanayin zamanmu a nan. Mutanenmu da yawa 'yan ci-rani ne, suna komawa gida noma da damina, wasu sababbi su sauko bayan girbi, ba su san Oro ba, ba su san hanyoyin da aka hana acaba tun dokokin 2020 da 2022 ba, ba su san wanda za su kira ba. Shugaban kowace tasha da kowane masauki ya zaunar da sabon zuwa a makonsa na farko, ya bayyana masa waɗannan, ya rubuta sunansa da garinsu da lambar wani nasa, ya kuma nuna masa inda ake rajistar mazauna jiha ta LASRRA. Magatakarda kuma ya sake kiran kowace lamba da ke jerin sau biyu a shekara, a farkon damina da bayan kaka, ya cire wadda ta daina shiga, ya nemi a naɗa wani a gurbin wanda ya koma gida.